Saƙon da Aka Aika Yamma

Sunan kakana aka sa mini, kuma wannan sunan ne ya haɗa ni da kakata tun ina cikin zanen goyo. An ce ranar suna, da aka shigo cikin gida aka faɗa wa mata abin da liman ya raɗa, ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka gama rabon nama. Babana da gangan ya yi. Shi kaɗai ta haifa da wancan mijin, bai taɓa sanin fuskar ubansa ba, ya ce ko ba komai a riƙa jin sunan a tsakar gida. Ita kuwa har yau ba ta taɓa kirana da shi ba. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, in kuma na ɓata mata rai sai ta ce mai sunan wancan.

Wancan shi ne kakana. Asalinsu Gobirawa ne. Ubansa ya taso daga wajen Tibiri neman ƙasar noma, ya zauna cikin Katsinawa a wani ƙauye arewa da Gangara, ƙauyen da aka haife ni. Can aka haifi kakana shi ma, amma uban ya sa wanzami ya yi masa tsagar gidansu, wadda ke tasowa daga gefen baki ta bazu a kunci har kusa da kunne. Ya girma, ya auri kakata, ƴar garin. Tana da ciki aka yi wata damina da gero bai yi ba, ga lanho, harajin gwamnati, a wuya, sai ya tsallaka Najeriya cin rani kamar kowa. Ya tarar ana yaƙin basasa, ana ɗaukar soja. Ya ce shi mutumin Katsina ne, aka ɗauke shi, don ba wanda ke tambayar inda iyaka ta bi a lokacin. Sau ɗaya ya aiko da gaisuwa ta bakin wani, daga nan shiru.

Da a ce shirun ya ɗore, da an yi masa addu'a an huta. Amma bayan yaƙi ya ƙare, wani mutumin ƙauyen da ke kusa da mu ya dawo ya ce ya gan shi da idonsa a tashar mota ta Katsina, ya naɗe fuska da rawani, yana riƙe da ƙunshin kaya. Ya ce ya kira sunansa, ya waiwayo, suka haɗa ido, sai ya kau da kai ya shige cikin mutane. Mutumin ba maƙaryaci ba ne, kowa ya yarda da shi. Daga ranar gari ya yanke hukunci: ya samu kuɗin soja, ya ga birni, ya bar mata da ɗa.

Kakata ta jira har alƙali ya raba auren. Ta auri wani dattijo, ya rasu, ta yi masa takaba, ta dawo wurin babana ta zauna. Duk Juma'a tana toya waina ta raba wa yara sadaka, tana lissafa mamatanta ɗaya bayan ɗaya, har wata maƙwabciya da suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna tana shiga ciki. Shi dai ba ya shiga. In aka yi mata magana sai ta ce ba a yi wa mai rai addu'ar mamaci, wanda ya gudu kuwa yana da rai har sai an nuna mata kabarinsa. Ina yaro abin dariya yake ba ni. Da na girma na ga yadda fuskar babana ke sauyawa duk Juma'a, dariyar ta tafi.

Babana ya rasu da furfura a gemu, ciwon ƙoda ya ci shi a hankali. Ana saura kaɗan, da rana, ya sa aka fitar da kowa sai ni. Bai yi mini maganar gona ko ta ƙannena ba.

"Ka nemo mini ubana," ya ce. "In gudu ya yi, ka san inda ya tsufa. In mutuwa ya yi, ka san inda aka sa shi, ka gaya wa tsohuwa tun tana ji da kunnenta."

Na ce to. Ni kuwa mutum ne mai taurin kai, duk wanda ya taɓa ciniki da ni a kasuwar Cadawa ya sani. Aya da wake nake saye ina sayarwa, ina da moto, wato babur, ina da ƙafa, kuma in na ce to, to ce. Da kakata ta ji, ta ce in ina da kuɗin ƙonawa a esans, man moto, in kai ta likita a duba mata gwiwa, ya fi mini lada. Na ce mata za a duba gwiwa, za a kuma nemo miji. Ta jefe ni da murfin kwano. Amma na lura ta fara rama, tana mance inda ta ajiye carbi, na san ba ni da shekaru masu yawa na yin wasa.

Kudu na fara nufa, don shekara hamsin da ɗoriya kowa a gidanmu kudu yake kallo in an ambaci mutumin. Na je Katsina ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Aka nuna mini wata inuwa inda tsofaffin soja ke zama, waɗanda suka rage, kowa da sandarsa, wani ba ido ɗaya, wani kunne ya tafi sai an yi masa ihu. Mutanen kirki ne, suka ba ni wuri, suka sha shayina. Da na faɗi sunan kakana suka yi dariya, suka ce a rundunarsu kaɗai masu wannan suna sun isa su cika masallaci. Suka tambaye ni lambarsa ta soja. Ina na ga lamba? Ko hotonsa ba mu da shi. Wani ya ce in je wani gari can kudu inda aka binne su da yawa a rami ɗaya, wani ya ce kar in wahalar da kaina, daji ya cinye wurin. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce ya san shi sarai, yana nan da rai da mata uku, in kawo na goro ya kai ni. Na bi shi har wani ƙauye, na tarar da wani tsoho gajere mai fuska sumul ba ko tsaga ɗaya, wanda bai taɓa jin sunan Gangara ba. Ranar na faɗa wa ɗan rakiyar nan maganganun da har yanzu nake istigfari a kansu.

Na dawo gida ba komai a hannuna. Kakata ta dube ni ta ce, "Maigida, ina amaryar takwaran naka? Ba ta aiko mini da tsaraba ba?" Na haɗiye, na ce tana gaishe ki.

Abin da ya juya ni ba wayona ba ne, rasuwa ce. Wani dattijo cikin danginmu na Gobir ya rasu a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji. Zumuncinmu da su ya yi sanyi tun zamanin da uban kakana ya yi gabas, sai gaisuwar mutuwa kawai ke haɗa mu, kuma tun da babana ba ya nan ni aka tura. Bayan an yi addu'a na shiga cikin gida gaida mata. Akwai wata tsohuwa tukuf a kan tabarma, gwaggo ce ga babana ta nesa, ta sa na zauna ta bi asalina tun daga tushe. Da ta gane ni jikan wane ne, ta tambayi labarin wanda ya tafi soja, na zayyana mata wahalar da na sha a Katsina, ina yi ina huci. Ta shiga murza goro a ɗan gwangwanin da aka huda mata, don ba haƙora.

Can ta ce ita fa akwai abin da ta tuna. Tana amarya a Tibiri, bayan yaƙin can na ƙasar Ingilishi, haka take kiran Najeriya, wani mai jakai da ke kawo tabarmin kaba daga gabas ya bi gida gida yana tambaya a hankali, ba da shela ba. Ya ce wani soja mai tsagar Gobir ya mutu a ƙauyensu, an binne shi, kayansa na ajiye, ko akwai gidan da ɗansu ya tafi yaƙi bai komo ba.

"Munka ƙirga ɗiyanmu," ta ce, "kowa na nan. Munka ce ba namu ba ne, Allah shi jiƙan shi. Wallahi ɗana, ko a mafarki ban tuna da ku na gabas ba, sai yau da ka zamna gabana."

Na tambaye ta sunan ƙauyen, ta ce ta mance, ta dai san mai tabarmin ya ce daga wajen Gangara yake. Gangara! Kasuwar da nake ci tun ina ɗan lakol, ɗan makarantar boko, inda kakata ke aike na sayen daddawa. Na ji kamar in tashi in kama hanya a take, ko abincin da aka kawo mini ban iya ci ba.

Ranar kasuwar Gangara na tafi layin masu tabarmi na fara tambaya. Nan na gane abin ba sauƙi. Zamanin nan da ɓarayin daji suka hana mutanen bakin iyaka barci, ka zo kana tambayar soja da kabari, kowa sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce bai sani ba. Wani ma ya bi bayana har wurin da na ajiye moto ya tsaya yana karanta lambarta. Na juyo na ce masa in jandarma zai kira ya kira, ni ɗan ƙasar nan ne, cibiyata na binne arewa da nan, kakana nake nema ba shanunsa ba. Mutane suka taru, aka ba ni haƙuri, aka ba shi. Faɗan nan ya yi mini amfani, don kafin la'asar duk kasuwa ta san abin da ya kawo ni. Na koma kasuwa ta gaba, da ta gaba, ina zama wurin masu tabarmi ina sayen abin da ba na bukata, har matata ta ce ko shago zan buɗe. Rannan wata mata mai sayar da igiya ta ce ita ba ta san wani kabari ba, amma a ƙauyen da aka aurar da ƙanwarta, kudu kusa da iyaka, akwai gonar da ake kira gonar soja, kuma ba ta taɓa jin soja ya yi noma a garin ba.

Damina ce, gero ya kai ƙirji. Na tura moto cikin yashi har ƙauyen, na gaida maigari, ya haɗa ni da mai gonar, wani magidanci sa'an babana, marar yawan magana. Ya saurare ni har na gama, ya ce in biyo shi. Muka ratsa gero, sai ga wani fili a tsakiyar gona wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ba a shuka komai a kai ba, ga kalgo ya yi inuwa a gefe. Ya ce ubansa ya yi masa wasiyya kada garma ta taɓa wurin, kada a ɗaure dabba, baƙo ne ke kwance. Ya ce shi iyakar saninsa ke nan, amma tsohuwarsa na da rai, ita ta yi jinyar baƙon.

Tsohuwar tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Da ɗanta ya gaya mata abin da ya kawo ni, ta ture kwaryar gefe ta daɗe tana kallona. Sannan ta ba ni labarin, ba ta yi gaggawa ba, ni ma ban katse ta ba, abin da ba halina ba ne.

Ta ce da rani ne, mijinta ya je gona ya tsinci mutum kwance, da takalman soja, jiki kamar wuta. Da suka kwance rawanin da ya naɗe fuska, suka tarar harsashi ya tafi da muƙamuƙinsa na gefe ɗaya, ciwon ya warke a karkace sannan ya sake ruɓewa. Ba ya iya magana, sai wani gurnani. Kunu ma da tsinken kara take ɗiga masa. Ɗaya kuncin kuwa lafiya lau, ga tsagar Gobir raɗau. Suka ce Allah sarki, Bagobiri ne, ya ɓata hanya. Suka ɓoye shi a bukkar gona, don a lokacin in gardi, dogaran gwamnati, suka ji an ga mai kayan sojan wata ƙasa a garinku, maigari da mai gona duk sai sun kwana a buro, ofishin hukuma. Ta ce duk lokacin da ya farfaɗo sai ya yunƙura zai tashi, ya miƙa hannu arewa yana nunawa, yana wannan gurnani, hawaye na zuba.

"Mu kuma sai mu kama hannun mu juya shi yamma," ta ce. "Mu ce masa, bawan Allah, Gobir nan take, zazzaɓi ne ya ruɗe ka, ka warke mu kai ka. Ya fizge ya sake nuna arewa, mu sake juyawa. Har ya cika muna juya masa hannu."

Mijinta da limamin garin suka yi masa wanka, suka sallace shi su kaɗan, suka binne shi nan cikin gona ba tare da an ji ba. Sannan suka ba mai tabarmi saƙo ya kai Tibiri, tun da fuskarsa ta faɗi garinsu. Ya je ya dawo ya ce ba mai shi. Ba wanda ya yi tunanin tambaya a ƙauyukan da ke arewa da su, don me Bagobiri zai yi a can?

Na tashi na fita waje na tsaya ina kallon arewa. Daga wurin zuwa ƙofar gidanmu, mai ƙafa in ya fita da hantsi zai yi azahar a gida. Na yi kuka kamar yaro, kuma haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Mutanen nan sun yi masa abin da dangi ke yi. Sai kuma na tuna mutumin da ya kira shi a tasha, kakana ya kau da kai. Da wane baki zai amsa?

Da na dawo na tambayi kayan. Ta ce suna nan, mijinta ya sa su cikin tukunya ya liƙe bakin da laka saboda gara, sau ɗaya ta sauya tukunyar da ta tsage. Na ce ta ba ni in kai gida. Ta ce a'a. Amana ce, kuma kayan tsintuwa ba a ba wanda ya ce nawa ne, sai wanda ya faɗi abin da ke ciki. Na yi rantsuwa, na faɗi sunan ubana da na kakana, na ɗaga murya har ɗanta ya taɓa ni a kafaɗa. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce Gobirawan da suka tafi yaƙi ba ɗaya ba ne, ita ta riƙe abin nan tun tana da ƙarfin daka, ba za ta miƙa wa mai moto don ya iya kuka ba. In akwai wanda ya san mutumin, in kawo shi.

Na iske kakata tana tankaɗe. Na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba, har juya hannun. Ba ta daina tankaɗen ba. Da na gama ta ce soja mai tsaga ba shi kaɗai ba ne a duniya, kuma ita ba ta zuwa maƙabarta, mace ce. Na ce ba maƙabarta ba ce, gonar gero ce. Ta ce gwiwarta. Na ce zan ɗauko amalanke in shimfiɗa mata katifa. Ta ce in fita mata daga gida. Na fita, na dawo washegari, na sake dawowa. Na gane tsoro take ji, kuma na gane ba tsoron a ce ba shi ba ne, tsoron a ce shi ne take. A ƙarshe na ce mata ni na yi wa mamaci alkawari, in ba za ta je ba, ta faɗa mini abin da zan gaya wa ɗanta ranar da muka haɗu. Wannan magana ta yi mata zafi, na sani, kuma ban janye ta ba. Da safe na tarar ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa suna, tana zaune a ƙofar ɗaki, ta ce ina amalanken, ko sai rana ta yi.

Tsofaffin biyu suka gaisa kamar waɗanda suka saba, aka tambayi gajiya, aka tambayi damina, aka kawo ruwa. Sannan ɗan ya fito da tukunyar ya ajiye a tsakani. Tsohuwar gidan ta ce, baiwar Allah, ki faɗi abin da kika sani. Kakata ta dubi tukunyar ta daɗe.

"Ranar da zai tafi na nemi awarwarona guda na rasa," ta ce. "Na jan ƙarfe ne, bakinsa ya ɗan lanƙwashe inda turmi ya taɓa danne shi. Na ce ya ɗauka ne ya sayar ya yi kuɗin mota. In shi ne, kuma in bai sayar ba, yana ciki."

Ban taɓa jin maganar awarwaron nan ba, babana ma ban yi zaton ya ji ba. Aka fasa lakar. Ƙunshi ne cikin wani bargon soja da ya yi fari-fari. Tsohuwar gidan ta kwance da kanta, tana fitar da kayan ɗaya ɗaya tana ajiyewa a faifai. Turmin atamfa wanda ba a taɓa yankawa ba, ya manne da juna. Sabulu ya bushe ya zama kamar dutse. Sai wata ƴar riga ta yaro da ƴar hula, irin na ɗan da ya fara tafiya. Na ɗauki rigar, ba ta fi tafin hannuna biyu ba, ta babana ce, mutumin da na sa a kabari da furfura. A can ƙasa, ɗaure da igiyar laya wadda ta ce a wuyansa suka cire, ga awarwaro ya yi baƙi. Kakata ta karɓa, ba ta ko duba ba, ta bi bakinsa da babban yatsa har ta kai wurin lanƙwasar, ta tsaya nan.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce a kai ta gonar. Muka ratsa gero, ita a gaba tana dafa sanda, ba ta yarda na riƙe ta ba. Da muka kai filin ta tambayi inda kansa yake, aka nuna mata, ta zauna a ƙasa daga gefen. Ta tambayi tsohuwar ko ya sha wahala, ta ce ya sha. Ta tambaya ko an yi masa wanka yadda ya kamata, ta ce an yi, da likkafani sabo, mijinta ya saya. Kakata ta gyaɗa kai. Sannan ta kira sunansa, sunana, karo na farko da na ji shi a bakinta.

"Ashe kana nan kusa," ta ce. "Na zage ka shekara hamsin, kana kwance bayan gari. Ɗanka ya rasu, shi bai taɓa zaginka ba. Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka."

Muka shafa fatiha, mai gonar ya ce wurin na nan yadda yake muddin yana da rai, kuma zai gaya wa ƴaƴansa sunan mai shi. Tsohuwar ta roƙi kakata gafarar juya hannun. Kakata ta ce wadda ta ɗiga masa kunu ba ta da abin neman gafara a wurinta, suka riƙe hannun juna suna kuka su biyu, mu maza muka koma gefe muna kallon gero.

Da za mu tafi na ɗaure kayan cikin bargon zan sa a amalanke. Ta ce in sauke. Na ce Kaka, rana ta yi, shanu na jira. Ta ce ta ji. Ta naɗa gammo da gefen mayafinta, ta ce in aza mata. Na fara faɗa, na ambaci gwiwa, na ambaci likita, na ce in ta faɗi a hanya mutanen gari ni za su zaga. Ta bar ni na gama.

"Maigida," ta ce, "mutumin nan gida ya nufa da kayan nan, bai isa ba. Ka aza mini."

Na aza mata. Ta tambayi tsohuwar daidai inda yake nunawa, ta nuna mata, wata ƴar hanya tsakanin gonaki. Ta kama ta, sanda a dama, hagu na dafe da kaya. Na ce wa mai amalanke ya biyo mu a hankali, kar ya matso kusa ta ji ƙarar. Tana tafiya tana hutawa, duk inuwar da muka samu sai ta zauna, in sauke mata, ta sha ruwa, in sake aza mata. Sau biyu na ce ta hau, sau biyu ta yi kamar ba ta ji ba, na uku ban ƙara ba. Masu noma suna ɗagowa suna gaishe ta, wasu na tambayar ina zuwa da kaya haka Inna, tana ce musu mijinta ne ya dawo daga tafiya.

Tafiyar da mai ƙafa ke yi kafin azahar, mu sai da rana ta yi ja muka hango rumbunan garinmu. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na fita da ƙara. A ƙofar gida ta tsaya, ta gyara kayan a kanta, ta yi sallama da ƙarfi kamar baƙuwa. Matata ta amsa daga ciki, ta shiga.